In na kashe sai birgima: wane shiri za a kunna wa ɗan shekara biyu?

Maman Hanif (Jidda): Assalamu alaikum iyaye da yayye. Shawara nake nema, kuma don Allah kar a fara da faɗa, na riga na yi wa kaina. Hanif shekararsa biyu da wata huɗu. Tun da na haifi ƙanwarsa na fara miƙa masa waya in zan shiga wanka ko girki, waƙoƙin nan na yara na Turanci masu kala-kala. Da minti goma aka fara. Yanzu in ya farka, kafin ya ce Mama ya ce waya. Yana kallo kamar an dasa shi, sai ki kira sunansa sau uku bai waiwayo ba. Abin da ya fi damuna shi ne in na karɓe: ihu, birgima, buga kai da kujera, jiya har cizo na sha. Babansa tun bakwai yake fita sai bayan isha. Muna hawa na uku, ɗaki biyu da falo, ba tsakar gida ba baranda. Ba zan yi ƙarya in ce zan iya hana shi kallo gaba ɗaya ba. Akwai shirin yara mai sanyi, wanda ba tsalle-tsalle da walƙiya, wanda in an kashe yaro zai dawo mutum? Me kuke kunna wa naku?

Hajiya Inna (Makka): Wa alaikumus salam. 'Yata, shirin da ya fi kowanne sanyi shi ne wanda aka kashe. 'Ya'ya tara na raina a Shari Mansur, a ɗakin da bai kai falonki ba. Ki ɓoye wayar. Kwana uku zai yi yana kuka, na huɗu ya haƙura. Ai yaye ma haka ake yin sa.

Maman Hanif (Jidda): Allah ya ƙara girma Hajiya. Amma lokacin da kike rainon nan, ke kaɗai ce a gidan?

Hajiya Inna (Makka): Ja'ira, kin kama ni. Uwar mijina tana nan, Allah ya jiƙanta, ga ƙannensa mata biyu, ga lungun duk namu ne, daga Kanawa sai Katsinawa sai Barebari. Yaro ya fita da hantsi sai yunwa ta dawo da shi, wani lokacin ma a maƙwabta zai ci. Duk da haka ban janye maganata ba.

Maman Tasnim (Jidda): Hajiya ai kin ba da amsar da kanki. Rashin uwa ake uwar ɗaki, wayar nan ita ta zama kaka ta zama ƙanwar miji. Mu da muka zo daga Sudan bayan yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023, tsadar haya ba ta ba ni wahala kamar rufaffiyar ƙofa ba. A Mai Wurno yara suna bin awaki a tsakar gida, da la'asar a fito da gadajen igiya waje. Muna da Spacetoon mu ma, amma wuta ce take kashe mana talabijin, ba sai uwa ta zama muguwa ba. Nan kuwa wuta ba ta ɗaukewa, intanet ba ya ƙarewa, babu mai kashewa sai ke. Kuma ƙasar da hukuma da kanta take hana a sa leburori aiki a rana daga ƙarfe 12 zuwa 3, tun 15 ga Yuni har 15 ga Satumba, ina za ki kai ɗan shekara biyu wasan ƙasa?

Ummu Sumayya (Riyad): Ni ma'aikaciyar jinya ce a ɓangaren yara. Bari in faɗi abin da aka rubuta, sannan in faɗi abin da nake yi a gidana, don ba ɗaya ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'ida a 2019: jaririn da bai cika shekara ba kar a zaunar da shi gaban allo kwata-kwata, ɗan shekara ɗaya ma ba a so, daga shekara biyu zuwa huɗu kuwa kar ya wuce awa ɗaya a yini, in ya gaza haka ya fi. A takardar dai suka ce yaro ya samu motsa jiki na aƙalla minti 180 a yini, da barcin awa 11 zuwa 14 ga 'yan shekara ɗaya da biyu. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ita ma a 2016 ta ce ƙasa da wata 18 babu kallo sai kiran bidiyo da dangi. To a gidana, ranar da na kwana wurin aiki, awa ɗayan nan takan haihu. Don haka ban zo da bulala ba. Abin da dai nake dubawa shi ne me kallon ya ture: in ya ture barci, ko cin abinci, ko hira, an shiga matsala ko da shirin mala'iku ne.

Malam Abu Abdirrahman (Madina): Da na ga an ce kar yaro ya wuce awa ɗaya gaban allo sai gabana ya faɗi. In allon da ake wankewa ne, a bar shi ya yi biyar.

Baban Ilham (Dammam): Malam ke nan. Maman Hanif, ga wata dabara da ba ta buƙatar digiri. Ki kunna shirin, ki kashe sautin, ki sa ido a agogo minti ɗaya, ki ƙirga sau nawa hoton ya yanke ya koma wani. Na gwada da waɗanda Ilham take kallo. Wani kafin in ce ɗaya biyu ya canza, har na daina bin ƙirgan. Wani kuwa minti ya cika ban gama yatsun hannu biyu ba. Da kin kashe sautin za ki ga abin da ba ki taɓa lura da shi ba: hoton ba ya tsayawa ko da bai yanke ba, kullum yana matsowa ko yana lilo, ja da rawaya kamar shagon kayan wasa. Ni da nake babba sai da idona ya yi ruwa. Daga nan na gane dalilin da ya sa in an kashe falon yake zame mata kamar maƙabarta, kujera ba ta rawa, bango ba ya waƙa.

Malama Ummu Khalil (Madina): Dabarar Baban Ilham tana da asali, amma akwai ƙarashe. Ilimin ƙananan yara na karanta, kuma wannan binciken kowa a fannin ya san shi. A 2011 wata malamar jami'a a Amurka, Angeline Lillard, da abokiyar aikinta suka raba yara 60 'yan shekara huɗu gida uku. Kashi ɗaya suka kalli SpongeBob na minti tara, kashi ɗaya suka kalli Caillou, wani katun mai tafiyar hawainiya, na uku aka ba su takarda su yi zane. A na farkon wuri yana canzawa kusan duk daƙiƙa 11, a na biyun kusan duk daƙiƙa 34. Ana gamawa aka gwada su da wasanni na haƙuri da riƙe umarni, har da ajiye musu abin kwaɗayi a ce su jira. 'Yan katun mai gudun ne suka zo na baya. Nan yawancin masu yaɗa labarin suke tsayawa. Sai dai a 2015 ita Lillard ɗin ta sake gwaji da shirye-shirye daban-daban, ta ga ba gudun ne ya fi tasiri ba, yawan abubuwan da ba sa yiwuwa ne, irin a take mutum ya baje ya miƙe, ko abu ya ɓace ya ɓullo wani wuri. Kuma abin da aka auna na nan take ne, bayan kallon, ba a ce ƙwaƙwalwa ta lalace har abada ba. Don haka ni abu biyu nake dubawa: hoton yana numfasawa? Kuma abin da ake yi a ciki ya yi kama da rayuwar da yaron ya sani, wanka, cin abinci, neman takalmi, rigima da ƙane?

Hajiya Inna (Makka): To Malama, Gizo fa? A tatsuniya ai babu abin da yake yiwuwa. Ƙwarya tana magana, kura tana zuwa biki. Ba mu haukace ba.

Malama Ummu Khalil (Madina): Wallahi Hajiya tambayar nan ta fi ta ɗalibaina. A ganina bambancin shi ne a tatsuniya yaro ne yake zana hoton a kansa, daidai ƙarfinsa, kuma da gudun bakin mai bayarwa ake tafiya. In ya tsorata kina ganin fuskarsa ki sassauta, in ya ce “sai me?” ki amsa. Waya ba ta ganin fuskar kowa.

Maman Hanif (Jidda): Na gode ƙwarai, amma don Allah sunaye. Yana nan yana jan zanina.

Malama Ummu Khalil (Madina): Ga waɗanda na gwada. Puffin Rock, na ƙasar Ayalan ne, 2015 aka fara shi: wata 'yar tsuntsuwar teku da ƙaninta a tsibiri, launukan ba su da ƙarfi, wani mutum yana ba da labari a hankali, kowane labari kamar minti bakwai. Shi ne na farko a wurina ga ɗan shekara biyu. Sai Sarah & Duck na BBC, yarinya da agwagwarta, shi ma shiru-shiru, duk da yana ɗan shiga abubuwan mamaki. Daniel Tiger na Amurka yana da kyau wajen koyar da jira da haƙuri in rai ya ɓaci, yana kallon yaro ya yi tambaya ya saurara, amma waƙa ta yi yawa a ciki. Daga tsohon shirin Mister Rogers aka ciro shi, wanda aka yi daga 1968 zuwa 2001, inda dattijo zai shigo ya canza riga da takalmi a hankali, ya ba kifi abinci, ba mai koran sa. In ba kya son Turanci ya shiga masa kunne, akwai Pingu, tsuntsun ƙanƙara da aka ƙera da yumɓu, babu wani yare a ciki sai gwaranci. Shi kuma yakan yi rashin ji, ki fara kallo kafin ki ba shi. Af, ƙanin tsuntsuwar can sunansa Baba.

Baban Ilham (Dammam): Shi ya sa ranar nan Ilham ta ce min Baba ya faɗa rami, ina zaune lafiyata ƙalau. Ni zan ƙara Bluey na Ostireliya, minti bakwai-bakwai, duk wasan yara da iyayensu ne.

Malama Ummu Khalil (Madina): Yana da kyau amma ya fi dacewa da 'yan shekara huɗu zuwa sama, maganar tana da sauri ga irin su Hanif.

Malam Abu Abdirrahman (Madina): Yanzu bari in yi magana ta gaskiya. Duk an tsaya kan gudun hoto, ba a tambayi me hoton yake ɗauke da shi ba. Wanda Baban Ilham ya ambata uba kare ne uwa karya ce. Akwai na Ingila da dukan gidan aladu ne, ga su da kyau, ana so yaro ya ƙaunace su. Ga kiɗa daga farko har ƙarshe, ga bikin Kirsimeti. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma su ma masu shirin sun san haka. Ni a gidana Omar & Hana na Malesiya nake kunnawa, akwai wanda suka cire kayan kiɗa, sai kuma waƙoƙin Tuyurul Janna marasa kiɗa, waɗanda aka rubuta musu “bidun iƙa'”. Yaro ya tashi da bismillah da addu'ar barci ya fi ya tashi da sunan tsuntsayen Ayalan.

Maman Tasnim (Jidda): Allah gafarta Malam, maganarka kan abin da ke ciki gaskiya ce, ni ma na aladen nan ba ya shiga gidana. Amma cire ganga ba ya rage gudun hoto. Akwai waƙoƙin addini na yara da yawa da babu kiɗa ko ɗis, amma in ka yi ƙirgan Baban Ilham za ka ga suna tsere da na Turawan, fitilu suna walƙiya, yara suna tsalle, baiti ɗaya sau ashirin. Uwa tana jin an ce Allah sai hankalinta ya kwanta ta bar shi awa uku. Halal ɗin shiri daban, sanyinsa daban.

Malam Abu Abdirrahman (Madina): Na karɓi wannan. Amma ku ma ku karɓi nawa: sanyin shiri daban, halal ɗinsa daban.

Baban Ilham (Dammam): Malam, kare a zane ai ba ya karya alwala.

Malam Abu Abdirrahman (Madina): Ban ce yana karyawa ba. Ran da ta ga na gaske a titi ta ruga ta rungume shi tana kiran sa da suna, ka kira ni.

Hajiya Inna (Makka): Ku bar musun kare. Mu a zamaninmu Iftah Ya Simsim ake yi, wanda aka fara a Kuwait a 1979. 'Ya'yana na fari da shi suka tashi, da Nu'uman ɗin nan mai gashi buzu-buzu, Larabcinsa tsantsa irin na littafi. Ana yi a ƙare, tashar ta shiga wani abu, ba mai kuka don ba wanda zai dawo da shi sai gobe. Tsofaffin suna nan a intanet, jikokina sun nuna min. Yanzu kuwa ni a ɗakina tashar Harami ce a kunne dare da rana, ɗawafi da karatu. Wannan ai babu abin da ya kai ta sanyi. Jikoki su zo su yi wasansu, ko kallon ta ba sa yi.

Ummu Sumayya (Riyad): Hajiya kin taɓo abu mai muhimmanci, wato shirin da yake da ƙarshe. Rabin rigimar Hanif daga nan take, abin da yake kallo ba ya ƙarewa, wannan na fita wancan na shigowa, duk lokacin da aka karɓe a tsakiya aka karɓe. Game da tashar Harami kuwa, ba na haɗa ta da komai, amma a gidaje da yawa ba ita ce a kunne ba, labarai ne ko fim ɗin Indiya ko ƙwallo, a ce ai yaron ba ya kallo. An yi bincike a kan wannan: in talabijin na manya yana kunne a ɗaki, wasan yaro yakan gajarce, yana yi yana ɗagowa, kuma iyaye sukan rage yi masa magana ba tare da sun sani ba. Ko karatun ne ma, a samu lokacin da gidan zai yi tsit, yaro ya ji muryar uwarsa ba tare da wata murya a bayanta ba.

Maman Hanif (Jidda): Tunda an zo maganar murya, akwai abin da na ɓoye. Hanif ya iya ƙirga har goma da Turanci, ya san kaloli da Turanci, amma ruwa ba ya cewa, sai ya ja hannuna zuwa firij. Wata maƙwabciyata Balarabiya ta ce wai alamar tawahhud ce, abin da ake kira otizim, kuma waya ce take kawo shi. Kwana biyu ban yi barcin kirki ba.

Ummu Sumayya (Riyad): Ƙanwata, kwantar da hankalinki ki saurare ni. Ba a tabbatar cewa kallo yana haifar da otizim ba, kuma ba a gane shi ta bakin maƙwabta. Yawan kallo dai ana danganta shi da jinkirin magana, don lokacin hira yake cinyewa. Ki duba waɗannan in babu waya a hannunsa: in kin kira sunansa yana waiwayowa? Yana nuna miki abu da yatsa don ki gani? Yana kallon idonki? Yana haɗa kalma biyu, kamar “Mama zo”? Ɗan shekara biyu ana sa ran ya fara haɗawa. In kin ga da saura, ki kai shi wurin likitan yara a fara da gwajin ji, kar ki jira a ce ai babansa ma ya makara. Kuma kar wani ya ce miki yare uku ne suka rikita shi ki daina yi masa Hausa. Yaro yana ɗaukar biyu da uku lafiya lau, kalmominsa na duk yarukan ake haɗawa a ƙirga.

Malama Ummu Khalil (Madina): Ƙirgan Turancin nan haddar waƙa ce, ba magana ba ce. Magana ita ce ya so abu ya nema da baki. Akwai gwajin da Patricia Kuhl ta yi a Amurka a 2003: jarirai 'yan wata tara, 'ya'yan masu Turanci, aka riƙa kawo su zama 12 wurin masu yaren Sin suna yi musu wasa da karatu. Wasu jariran kuma aka nuna musu mutanen nan dai a bidiyo. Waɗanda suka zauna da mutum ido da ido suka iya bambance sautukan yaren, 'yan bidiyo kuwa kamar ba su taɓa ji ba. Hanif ya girmi waɗancan, zai tsinci wani abu a allo, amma ya fi tsinta in kina kusa kina cewa “ka ga tsuntsu? ina ya tafi?” Ko daga kicin ne ki riƙa jefo masa.

Maman Tasnim (Jidda): Ni abin da ke ci min rai ke nan. Kakanninmu sun riƙe Hausa a Sudan fiye da shekara ɗari a tsakiyar Larabawa, tun bayan yaƙin Burmi a 1903, ni kuma a shekara biyu ina gani tana zamewa daga bakin Tasnim. Wai babu na Hausa ne?

Baban Ilham (Dammam): Akwai kaɗan. Akili and Me, 'yan Tanzaniya ne suka yi shi kuma an juya shi zuwa Hausa, ki rubuta sunan ki ƙara Hausa a wurin nema. Yana da waƙoƙi, kuma ba zan ce ya kai na tsuntsun sanyi ba, amma “ɗaya, biyu, uku” za ta ji. An taɓa yin Dandalin Sesame ma, na Najeriya, da Zobi sarkin son doya. Sauran da ake sa wa suna katun ɗin Hausa ku yi hattara, da yawa fassarar barkwanci ce ta manya, har da ashar.

Ummu Sumayya (Riyad): Ni ina da tambaya. Duk maganar nan Maman Hanif, Maman Hanif. Baban Hanif ba ya cikin zauren nan ne?

Baban Hanif (Jidda): Ina nan Anti. Tun ɗazu nake karantawa a ɓoye.

Hajiya Inna (Makka): Fito fili ɗan nan.

Baban Hanif (Jidda): Hajiya ina gaisuwa. Gaskiya akwai laifina. In na dawo a gajiye, shi kuma lokacin ya ga wasa, sai in ba shi wayata in samu in ci abinci in kalli ƙwallo. Wani lokacin sha ɗaya na dare yana riƙe da ita. Ita ta hana da rana, ni in buɗe da dare.

Ummu Sumayya (Riyad): To ga rabin ciwon. Mun ɗauki al'adar garin nan ta raya dare, yara a wurin wasa har sha biyu, amma Balarabe yana ramawa da safe, ɗanku kuwa fitar ka bakwai tana tashin sa. Yaron da barci bai ishe shi ba ko tashar Harami ka kashe masa sai ya yi birgima. Awa ɗaya kafin kwanciya a kashe komai, har da ƙwallon.

Baban Hanif (Jidda): Har da ƙwallon?

Ummu Sumayya (Riyad): Akwai maimaici.

Baban Ilham (Dammam): Sannu ɗan'uwa, ni ma ta nan na bi. Ga abin da za ka yi yau da dare da hannunka. Ka fitar da kallon daga waya ka mai da shi talabijin: waya tana bin sa har gado kuma yatsansa ne ke mulki, talabijin kuwa tana bango, rimot yana sama. Ka kashe abin nan da ke kunna na gaba da kansa, akwai shi a YouTube da Netflix duka. A YouTube Kids akwai inda za ka zaɓi tashoshin da ka yarda da su kaɗai, akwai kuma agogon da ke rufewa in lokaci ya cika. Shiri biyu ko uku sun isa, yara ba sa gajiya da maimaici, mu ne muke gajiya. Kuma kafin a kunna a gaya masa guda nawa ne da abin da za a yi bayansa.

Malam Abu Abdirrahman (Madina): A ɗaura shi da salla. In an kira la'asar a kashe. Ladan ba ya karɓar roƙo.

*Bayan kwana tara*

Maman Hanif (Jidda): Salam. Na ce bari in kawo rahoto. Kwana ukun farko Hajiya ta yi gaskiya, gidan nan kamar ana yanka rago, har na ji kunyar maƙwabta. Ban hana gaba ɗaya ba: na tsuntsun guda biyu da hantsi in zan yi wa jaririya wanka, sai Akili na Hausa kafin la'asar. Ranar farko ya kalli tsuntsun minti biyu ya tashi ya bar shi yana neman wayata, na ce shi ke nan bai karɓu ba. Malama ta ce min ta waya wai tashin nan alheri ne, shirin da yaro zai iya juya wa baya ake nema. Yanzu in an kashe yana kuka, amma na minti kaɗan ne, ba cizo. Na ba shi roba da ruwa da kofuna a banɗaki, nan yake ɓata rabin awa yana jiƙa min komai. Ranar Juma'a babansa ya kai shi bakin teku bayan asuba kafin rana ta yi zafi. Da yamma kuma baƙi suka zo da yara kowa da wayarsa, aka koma gidan jiya, Asabar sai da muka sake sabon yaƙi. Mun je gwajin ji, lafiya lau, likita ta ce mu dawo bayan wata uku ta ga yadda maganar take. Shekaranjiya ya ce “ruwa zuba”.

Ummu Sumayya (Riyad): Kalma biyu ke nan. Ki rubuta ranar, ki kai wa likitar.

Baban Hanif (Jidda): A rubuta kuma cewa wasa biyu na rasa.

Maman Tasnim (Jidda): Hajiya, tatsuniyar da kika turo mana da murya jiya, Tasnim ta ji ta sau huɗu, har ta fara cewa “ta zo mu ji ta”. Amma ta yanke a daidai inda Gizo ya shiga cikin saniyar sarki. Jiya da ƙyar ta yi barci, wai sai ya fito.

Hajiya Inna (Makka): Yatsana ne ya zame daga kan abin dannawar, ina ta zuba ni kaɗai har ƙurunƙus ban sani ba. Ku bari jikana ya dawo daga makaranta ya riƙe min. Ki ce mata Gizo yana nan ciki, bai taɓa zuciyar ba tukuna.